Wasan Samudawan Ƙarfe da Dokokinsa na Ganin Dama

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in ba ku labarin wani wasa da ya shiga raina, da wata tambaya da ya jefa mini, wadda na ga ta shafi aikin nan da mu ke koyo a kwaleji. Na san waɗansu za su ce, mutum ya ba shekara ashirin baya, ana shirya shi ya tsaya gaban yara da alli a hannu, me ya gama shi da wasan tebur? To, a yi mini haƙuri har in kai aya. Tambayar ita ce: in an ba mutum doka aka ce in ya ga dama ya bi, in ya ga dama ya bari, yaushe ya kamata ya ɗauke ta, kuma wa ke da ikon ɗora wa wani ita?

Sunan wasan nan BattleTech. Wani kamfani na birnin Shikago a ƙasar Amurka, mai suna FASA, shi ya fito da shi cikin shekara ta 1984, waɗanda suka ƙago shi kuwa su ne Jordan Weisman da L. Ross Babcock. Da fari an sa masa suna BattleDroids, amma da ya ke kamfanin Lucasfilm, masu fim ɗin Star Wars, sun riga sun yi rajistar rabin sunan na ƙarshe, tilas aka sake masa suna cikin 1985. Labarin da aka gina wasan bisansa na zamani mai zuwa ne, wajen shekara ta 3025. An ƙaddara cewa 'yan Adam sun bazu cikin taurari, sun kafa wata babbar daula, daular ta rushe, manyan gidajen sarauta 5 suna ta yaƙi kowa na son ya gaje ta. Dawakin yaƙinsu kuwa waɗansu irin injuna ne masu siffar mutum, da kai, da hannuwa, da ƙafafu, matuƙi guda yana zaune cikin kan kowane. Mafi ƙanƙanta nauyinsa tan 20, kamar wanda a ke kira Locust, mafi girma tan 100, kamar Atlas. Mu nan mu kan kira su samudawan ƙarfe.

Ga yadda a ke yin wasan. A kan shimfiɗa taswira bisa tebur, an rarraba ta gida gida, kowane gida mai kusurwa 6, an kuwa ƙaddara faɗinsa mita 30 ne. Akwai gidajen fili, da na kurmi, da na ruwa, da na tudu. Kowane mai wasa ya aza samudawansa, 'yan ƙanana na roba ko na kwali, ya riƙe takarda guda domin kowane basamude, inda aka zana jikinsa da 'yan ɗigo-ɗigo masu nuna kaurin sulkensa. In an harbe shi, sai a soke ɗigon da fensir. Kowane zagaye na wasa daƙiƙa 10 ne na yaƙi, ko da ya ke a tebur ya kan ci minti 20 ko fiye. Hukunci duka yana hannun 'ya'yan lido biyu.

Wanda ya ke son lissafi zai sami abin marmari a nan. In ka jefa 'ya'yan lido biyu, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. Lamba 7 tana da hanya 6, lamba 12 tana da hanya 1 tak. In za ka yi harbi, ka fara da gwanintar matuƙinka, galibi 4. In ka yi tafiya kafin harbin ka ƙara 1, in gudu ka yi ka ƙara 2. In abokin gaba yana matsakaicin nisa ka ƙara 2, in yana nesa ka ƙara 4. In ya ƙetare gida 7 zuwa 9 a guje ka ƙara 3. Misali ka yi tafiya, shi yana matsakaicin nisa, ya kuma ƙetare gida 8: 4 da 1 da 2 da 3, ka ga 10 ke nan, sai ka jefa 10 ko fiye kana ka same shi, watau hanya 6 cikin 36. In kuwa ya faɗa cikin kurmi mai duhu, ka ƙara 2, ya zama 12, hanya 1 cikin 36. Ku riƙe wannan lissafi na kurmi, gama zan komo kansa.

Abin da ya bambanta wasan nan da sauran wasannin yaƙi shi ne zafi. Kowane makami da basamude ya harba ya kan tara masa zafi a jiki, tafiya ma haka. Yana da lagireto masu huce shi, amma ba su kan isa ba. Ɗauki Warhammer, mai tan 70. Yana da manyan igwa biyu da a ke kira PPC, kowace in ta tashi ta kawo zafi 10, gudu ya kawo 2, jimla 22. Lagiretonsa 18 ne, saura 4 a jiki. Ya sake yin haka ya zama 8, nan take tafiyarsa ta ragu, saitinsa ya fara karkata. In ya kai 14 injin na iya mutuwa a tsakiyar fage, in ya kai 19 harsashin da ke cikinsa na iya fashewa, in ya kai 30 ya mutu tsaye ba makawa. Saboda haka kowane zagaye mutum yana shawara da zuciyarsa, in zuba wuta duka yanzu in sha wuya an jima, ko in yi tattali? Wannan ita ce zuciyar wasan, yaro ɗan shekara 12 zai gane ta cikin maraice guda.

To, sai mu zo ga dokokin ganin dama. Tun wasan yana jariri aka fara yi masa ƙari. Cikin 1986 aka fito da CityTech domin yaƙin cikin gari, da AeroTech domin jiragen sama. Cikin 1991 aka yi Solaris VII, na karon battar mutum biyu a fage, inda aka tsaga zagaye guda gida 4, aka kuma ƙanƙanta gidajen taswira. Daga baya FASA suka raba dokokinsu mataki 3. Na fari na masu koyo, na biyu wanda a ke gasa da shi, na uku kuwa na ganin dama, ba a shiga gasa da shi, babban littafinsa shi ne Maximum Tech na 1997. FASA suka rufe cikin 2001, wasan ya ratsa hannun waɗansu kamfanoni, har cikin 2007 ya zo hannun Catalyst Game Labs. Tsarin da a ke bi a wannan zamani ya tsaya bisa littafin Total Warfare na 2006, mai shafi wajen 300, shi ne dokar kowa da kowa. Bayansa sai Tactical Operations na 2008, wanda ya haura shafi 400, da Strategic Operations na 2009, sa'an nan Interstellar Operations da Campaign Operations na 2016. Waɗannan na baya duka taskokin dokokin ganin dama ne. Masu littattafan da kansu sun gargaɗi masu wasa su daidaita tsakaninsu tukuna bisa wace doka za su ɗauka, kafin a fara.

Mai karatu zai ce, wane irin abu ne ya rage da har za a cika shafi 400 da shi? Kai, abin da yawa! Akwai dokar wuta, yadda makami zai kunna wa kurmi gobara, iska ta kaɗa ta gida gida, hayaƙi ya tare ganin maharba. Akwai dokar ruwan sama, da hazo, da dare, da laka, da ƙanƙara, da duniyar da nauyin abu ya fi na tamu ko ya kasa. Akwai dokar igwa mai harbi daga bayan taswira, da ta nakiya. Akwai wadda ta tsawaita ma'aunin zafi daga 30 zuwa 50. Akwai ta harbin nesa ƙwarai, inda mutum zai ƙara 6 bisa lissafinsa ya gwada sa'a. Cikin Strategic Operations aka fara kawo dokar halin inji, watau kowane irin basamude a ba shi baiwa ko aibu irin nasa, wani mai sauƙin gyara, wani ɗakin matuƙinsa matsattse, kamar dai yadda direbobi su kan san halin kowace irin mota.

Bari in ɗauki uku daga cikinsu in buɗe, domin a ga yadda doka ƙarama ta kan juya wasa duka.

Ta fari ita ce wadda mu ke kira makasa mai yawo. A dokar kowa da kowa, in ka sami abokin gaba, ka kan sake jefa 'ya'yan lido ka ga inda harbin ya sauka. In 12 ta fito, a kai ne. In 2 ta fito, harbin ya sami ƙirji, kuma ko sulken bai huje ba kana da damar taɓa makasa, watau inji ko abin da ke riƙe da daidaiton tsayuwarsa. Dokar ganin dama ta ce, in 2 ta fito, a sake jefawa, duk gaɓar da aka samu, nan makasar za ta faɗa, ko hannu, ko ƙafa, ko haƙarƙari inda a kan ajiye harsashi, ko ma kai. Layi kaɗan ne a littafi, kowa zai riƙe ta da ji guda, ba ta ƙara ko minti ɗaya bisa wasa. Amma tana sa mutum ya yi tunani biyu kafin ya ɗauki basamude mai tulin harsashi a haƙarƙari.

Ta biyu ita ce ja da baya tilas. Wannan tana cikin Total Warfare kansa, amma sai an yarda a ke aiki da ita. Ta ce in basamude ya naƙasa ƙwarai, misali an taɓa injinsa sau 2, ko matuƙinsa ya ji rauni sau 4, ko makamansa duka sun lalace, dole ya juya ya nufi bakin taswira ya fita. In babu wannan doka, masu wasa su kan yi ta tura gurgun inji gaba har a ragargaza shi, gama mutum ba ya jin ciwon kwali. Da ita kuwa, sai wasa ya gajarta, ya kuma yi kama da hankali, domin ba matuƙin da zai ba da ransa a banza, ba kuwa sarkin da zai yarda a yi asarar injin da ya gada tun kakanni. Ni dai cikin dokokin nan duka ita na fi ƙauna, saboda tana tuna wa mai wasa cewa akwai mutum a cikin ƙarfen.

Ta uku ita ce yaƙin ɓoyo. A nan kowane gefe yana da taswirarsa dabam, ba ya ganin ta abokin gaba, sai a sami mutum na uku, alƙali, mai tasa taswira, shi ke faɗa wa kowa abin da samudawansa suka hango. Daɗinta ba ya misaltuwa, gama kana tafe gabanka na faɗuwa, ba ka san abin da ke bayan tudu ba. Amma tana bukatar taswira 3, da wuri mai faɗi, da mutum mai haƙuri wanda zai yini yana lissafi shi bai yi wasa ba. Wasan da a kan gama cikin awa 3 sai ya nemi cinye yini. Shi ya sa da yawa ba su yin ta sai a kwamfuta, da wata manhaja ta kyauta mai suna MegaMek, wadda ta ke ɗauke wa mutane aikin alƙalin.

Kun ga ke nan dokokin ganin dama ba nauyinsu ɗaya ba. Wata kamar gishiri ta ke, ɗan kaɗan ya gyara miya. Wata kuwa kaya ce, sai an nemo jakin da zai ɗauka. Kowace kuma akwai wanda ta ke taimako, akwai wanda ta ke cuta. Dokar harbin nesa ƙwarai ta taimaki mai manyan igwa, ta cuci mai gajerun makamai wanda ke bukatar ya matso. Dokar dare ta taimaki mai matsowa, ta cuci maharbin nesa. Saboda haka wanda ya zaɓi dokokin da za a bi, ya riga ya sa hannu cikin wanda zai ci wasa tun ba a jefa ɗan lido ba.

Yadda wasan ya zo hannunmu, wani malaminmu ne da ya yi karatu a ƙasar waje ya komo da akwatinsa, ya bar mana a ɗakin hutawar ɗalibai. Samudawan cikin akwatin ba su ishe mu ba, sai muka cika da murafun kwalba, muka manna musu takarda da suna. Muka yi wata biyu muna wasa da dokokin masu koyo, mun kusa mu goma, har da waɗanda ba su son lissafi a aji amma ga su suna tara 4 da 2 da 3 da ka kamar walƙiya. Ana nan sai ɗaya daga cikinmu, ɗan aji uku, mai kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai, ya sami Tactical Operations a wayarsa, ya zauna ya haddace shi kamar zai yi jarrabawa a kansa.

Ran nan ya zauna wasa da wani ɗan aji ɗaya wanda zuwansa na uku ke nan. Yaron yana da ƙaramin basamude, ya kuwa riƙe abin da aka koya masa sarai, watau ƙarami ba ya tsayawa a fili. Ya ruga ya shige kurmi mai duhu, ya mai da lissafin abokin wasansa 12, ya zauna yana murmushi, ya yi daidai bisa ga iyakar dokar da ya sani. Sai ɗan aji ukun ya ce shi ba basamuden zai harba ba, kurmin zai sa wa wuta. Ya jefa 'ya'yan lido, ya ce wuta ta kama, ya shiga karanto ƙarin zafin da mai tsayawa cikin gobara zai sha. Tilas yaron ya fito fili, zagaye biyu aka gama da shi.

Yaron ya dube shi ya ce, "Yaya, ai ba ka faɗa mini kurmi na cin wuta ba sa'ad da muka fara."

Shi kuwa ya ce, "Tana cikin littafi, ƙanena. Ga shafin, karanta."

Yaron bai yi gardama ba. Ya tattara takardarsa, ya yi godiya, ya fita. Asabar ta zagayo bai zo ba, ta sake zagayowa bai zo ba, abokansa biyu ma suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka rage kuma, kowane wasa sai ya koma shari'a, wannan na cewa akwai doka kaza, wancan na cewa a nuna masa shafi, a yi rabin awa ana laluben waya samudawa na tsaye bisa tebur. Kafin hutu mun koma mu huɗu.

Abin lura a nan, ɗan aji ukun bai yi ƙarya ba. Dokar wuta tana nan a rubuce, doka ce mai kyau kuma, gama tana hana mutum ya maƙale a kurmi yini guda. Da an faɗa wa yaron tun farko, da ya zaɓi wata dabara, ko ya shiga kurmin da saninsa. Laifin yana wajen lokacin da aka fito da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da mutum ɗaya kaɗai ya sani, ya ɓoye ta har sa'ad da za ta amfane shi, ta zama makami a hannunsa, wanda aka buga da ita kuwa ba zai ga bambancinta da zamba ba. Ko a dara haka ne. Kowane gari da 'yan bambance-bambancensa, baƙo mai hankali ya kan tambaya yadda a ke yi a nan kafin ya kafa ɗansa na fari, ɗan gari mai mutunci kuma ya kan faɗa masa ba sai ya tambaya ba.

Da na bi tarihin irin wasannin nan sai na tarar ashe ciwon tsoho ne. Cikin 1824 wani hafsan soja na daular Furushiya ta Jamusawa, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi na taswira da a ke kira Kriegsspiel, wanda ya gyara daga na mahaifinsa. Aka karɓa, aka sa hafsoshi su riƙa koyon dabarun yaƙi da shi. Amma dokokinsa da jadawalinsa suka yi nauyi, har hafsoshi da yawa suka gaji da shi. Cikin 1876 wani babban hafsa, Verdy du Vernois, ya kawo shawara a ajiye yawancin dokokin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. BattleTech ma ya bi wannan sawu. Bayan littattafai sun yi tsibi, cikin 2013 Catalyst suka fito da Alpha Strike, inda aka taƙaita kowane basamude bisa ɗan kati guda, domin a iya yaƙi da samudawa masu yawa cikin maraice ɗaya. Watau kullum masu son wasa ya yi kama da gaskiya suna ƙara doka, masu son a gama kafin a kashe fitila suna ragewa, kowane gefe kuwa yana da hujja.

Bayan hutu malamin da ya ba mu akwatin ya ji labari, ya kira mu. Bai yi faɗa ba, sai ya ce mu zauna mu rubuta wa kanmu ƙa'ida. Muka yi ta muhawara, daga ƙarshe muka tsaya bisa abu huɗu. Na ɗaya, ba dokar ganin dama da za ta shiga wasa sai an faɗe ta da ƙarfi kafin a aza samudawa, an rubuta ta bisa takarda, an ajiye a gefen taswira. Na biyu, in mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, an bar ta, ba a tambayarsa dalili. Na uku, ba a shigo da sabuwar doka fiye da ɗaya a wasa guda, wanda ya kawo ta kuma shi zai koya wa kowa da misali. Na huɗu, in akwai baƙo a tebur, dokokin masu koyo kaɗai za a bi har ya yi wasa uku. Ɗan aji ukun, a yaba masa, shi ya ɗauki takardar da kansa ya kai wa yaron nan har ɗakinsu. Yaron ya komo. Yanzu haka shi ne gwaninmu na sa wa kurmi wuta, amma kullum sai ya yi shela tukuna.

Ni kuma ga ma'aunin da na ke auna kowace doka da shi in an kawo ta. Ina tambaya, wace sabuwar shawara ta ke ba mai wasa? In dai ƙarin jefa ɗan lido ne kawai da duba jadawali, ba ta sake abin da mutum zai zaɓa ba, to, wahala ce ba riba. Ina tambaya kuma, minti nawa za ta ci, ta cancanci wannan lokaci? Sa'an nan, wa za ta taimaka, wa za ta cuta, shi wanda za ta cuta ya sani? Ja da baya tilas ta ci wannan jarrabawa, makasa mai yawo ma ta ci. Dokar wuta mu kan ɗauke ta in taswira ta cika kurmi. Yaƙin ɓoyo mun ajiye shi sai ƙarshen zango, ran da ba darasi.

To, ina wannan ya gamu da aikinmu? Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, na ga malami a ajinsa shi ne mai littafin nan da ya haddace doka duka, yara kuwa su ne baƙi a tebur. Ya san hanya uku ta yin rabawa, su ko ɗaya ba ta zauna musu ba. In ya zuba musu ukun rana ɗaya don ya nuna sani, mai ƙwazo ɗaya ko biyu za su bi shi, saura su tattara takardunsu a zuci su fita, ko da jikinsu na zaune bisa benci. Haka kuma in ya hori yaro bisa dokar da bai taɓa faɗa ba, ko ya rage masa maki saboda abin da bai gargaɗe shi a kai ba, ya ce ai tana cikin littafi, yaron zai yi shiru kamar yadda ɗan aji ɗayan nan ya yi. Amma abin da zai koya a ranar shi ne, doka kayan mai ƙarfi ce. Yaron da ya tashi da wannan karatu, in ya girma ya sami kujera, haka zai yi wa na ƙasa da shi. Akwai kuma bambanci mai nauyi tsakanin wuraren biyu. Wanda aka ɓata wa rai a teburinmu yana da ikon ya daina zuwa, yaron aji kuwa ba shi da wannan iko, gobe da safe dole ya komo ya zauna gabanka.

Saboda haka a ajin da aka ba ni, ran farko na rubuta dokoki biyar bisa allo, muka karanta tare, na tambaye su dalilin kowace, suka kwafa cikin littattafansu. Da bukatar ta shida ta taso cikin mako na uku, a kan aron fensir, na faɗe ta ran Jumma'a na ce za ta fara aiki ran Litinin. Ba wanda ya yi gunaguni sa'ad da ta kama shi, gama kowa ya ji ta da kunnensa tun ba ta kama kowa ba.

Kada wani ya ɗauka ina hana karatun manyan littattafan nan. Wanda ya ƙware, ya gaji da fili da kurmi, lalle ya buɗe su, zai sami abin da zai ɗebe masa kewa shekara da shekaru, in kiɗa ya sake kuwa rawa ma sai ta sake. Roƙona kaɗai shi ne ya tuna da wanda ke zaune ɗaya gefen tebur.

Mu kan taru kowace Asabar bayan abincin rana a ɗakin hutawa. Duk mai so, namiji ko mace, ɗalibi ko malami, ya zo da fensirinsa da abin gogewa, akwai murfin kwalba na jiransa. Takardar ƙa'idarmu tana manne a jikin akwatin, a karanta ta kafin a zauna.